Yadda Ake Lissafin Nauyin Mol da Kason Sinadarai, Daga Buhun Yuriya Zuwa Kanwa

A jikin buhun takin yuriya za ka ga an buga 46% N, wani lokaci kuma 46-0-0. Manomi ya saba ganin lambar, dillalin taki ma ya haddace ta, amma kaɗan ne suka san daga inda ta fito. Daga fomular yuriya ta fito, kuma duk ɗalibin sakandare da ke riƙe da biro, takarda da jadawalin sinadarai zai iya fito da ita cikin minti biyu. Aikin hawa biyu ne. Da farko a gano nauyin mol ɗaya na abin, sannan a duba kason da kowane sinadari ya ɗauka cikin wannan nauyi. Irin wannan tambaya tana yawan fitowa a jarrabawar WAEC, NECO da JAMB, kuma yawancin makin da ake zubarwa a kanta ba a wajen tarawa ko rabawa yake zubewa ba. Tun a wajen karanta fomula ake yin ɓarin.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Idan an ce sinadari a nan, ana nufin sinadari na asali, ɗaya daga cikin guda 118 da ke jadawali, kamar naitirojin (N), oksijin (O), kabon (C) ko ƙarfe (Fe). Idan biyu ko fiye suka ɗaure da juna suka zama abu ɗaya, kamar ruwa ko gishiri, shi za mu kira haɗi.

Mol da nauyinsa

Atam, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari, ba ya hawa sikeli shi kaɗai. Ƙaramin cokalin shayi na ruwa, kimanin giram 5, yana ɗauke da ƙwayoyin ruwa kusan 1.7 × 10²³. Don haka masu kimiyya suke ƙirga su tari-tari, kamar yadda mai sayar da ƙwai ke lissafi da kiret, kowane kiret guda 30. Tarin da ake amfani da shi sunansa mol, kuma mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³. Ana kiran wannan adadi da sunan Amedeo Avogadro, masanin ƙasar Italiya, kuma tun ranar 20 ga Mayu 2019 aka tsayar da shi daidai a haka cikin tsarin awo na duniya. A aikin aji 6.02 × 10²³ ya wadatar.

Dozin ɗin allura da dozin ɗin fartanya duk sha biyu ne, amma nauyinsu ya sha bamban. Haka mol yake: adadin ɗaya ne, nauyin kuwa ya danganta da abin da aka tara. Hikimar da ke cikin zaɓen wannan adadi ita ce nauyin mol ɗaya na sinadari a giram ya yi daidai da lambar nauyin atam ɗinsa da ke jadawali. Kabon yana da 12.011, saboda haka mol ɗaya na kabon giram 12.011 ne. Ana rubuta ma'aunin g/mol, wato giram a kowane mol.

Ga waɗanda za mu buƙata: H (haidirojin) 1.008, C 12.011, N 14.007, O 15.999, Na (sodiyam) 22.990, P (fosforas) 30.974, S (farar wuta) 32.06, Cl (kulorin) 35.45, K (fotasiyam) 39.098, Ca (kalsiyam) 40.078, Fe 55.845, Cu (jan ƙarfe) 63.546.

A kowane gida na jadawali lambobi biyu ne, kuma nan ne tuntuɓen farko. A gidan sodiyam za ka ga 11 da 22.990. Ta farko lambar atam ce, yawan furoton da ke cikinsa, kullum cikakkiyar lamba ce marar ɗigo. Ta biyu ita ce nauyi, ita ake so. Wanda ya ɗauki 11 ta sodiyam da 17 ta kulorin ya ce nauyin gishiri 28 ne, duk abin da ya gina a kai ya rushe.

Dalilin da ya sa nauyin ke zuwa da ɗigo shi ne matsakaici ne. Kulorin da ke cikin gishirin girki iri biyu ne a gauraye: kusan kashi 75.76 cikin ɗari mai nauyin 34.969, sauran kashi 24.24 mai nauyin 36.966. Ninka kowanne da kasonsa ka tara: 26.49 da 8.96, ka sami 35.45. Babu atam ɗin kulorin ko ɗaya mai nauyin 35.45, amma duk tarin da ka ɗebo, matsakaicinsa ke nan. Shi ya sa ko a jarrabawa, inda ake datse H zuwa 1, O zuwa 16, Na zuwa 23, ake barin kulorin a 35.5. In mai tambaya ya ba ka nasa lambobin, da su za ka yi aiki, ko da ka haddace waɗanda suka fi su daidai, domin da su aka shirya amsar da za a gwada taka da ita.

Karanta fomula kafin ka taɓa kalkuleta

Ƙaramar lambar da ke ƙasa ta alamar da ta gabace ta ce kawai. A H₂O, biyun ta haidirojin ce. Oksijin da ba shi da lamba ɗaya ne. Nauyin mol na ruwa: 2 × 1.008 = 2.016, a tara da 15.999, ya zama 18.015 g/mol. Gishiri, NaCl, ya fi sauƙi: 22.990 + 35.45 = 58.44 g/mol.

Inda baka ta shigo, lambar da ke bayanta tana ninka duk abin da ke ciki, ba na ƙarshe kaɗai ba. Ɗauki Ca(OH)₂. Kalsiyam ɗaya ne, oksijin biyu, haidirojin biyu: 40.078 + 31.998 + 2.016 = 74.092. Kuskuren da aka fi gani a takardun ɗalibai shi ne a ba haidirojin biyun a bar oksijin a ɗaya, a sami 58.093. Giram 16 cur sun ɓace saboda ido ya tsallake baka.

Maganin wannan shi ne ka hana kanka yin lissafin a ka. Zana layi huɗu a takarda: sinadari, yawan atam, nauyin atam, jimilla. Cika layin yawan atam gaba ɗaya kafin ka rubuta nauyi ko ɗaya. Ga yadda yake da yuriya, CO(NH₂)₂:

C: 1 × 12.011 = 12.011
O: 1 × 15.999 = 15.999
N: 2 × 14.007 = 28.014
H: 4 × 1.008 = 4.032
Jimilla: 60.056 g/mol

Dubi haidirojin da kyau. Biyu ne a cikin baka, bakar kuma sau biyu, huɗu ke nan. Ninkawa ake yi, biyu sau biyu. A nan ko ka tara ma huɗu za ka samu, shi ya sa wasu ke tafiya da gurguwar fahimta ba su sani ba, sai ranar da suka haɗu da (NH₄)₂SO₄, takin amoniyam salfet. A can haidirojin 4 × 2 = 8 ne, mai tarawa kuwa zai rubuta 6. Cikakken lissafinsa: N 28.014, H 8.064, S 32.06, O 63.996, jimilla 132.134 g/mol.

Sinadari ɗaya na iya fitowa a wuri biyu. A NH₄NO₃ naitirojin yana farko yana tsakiya, sai an haɗa su biyun: 28.014 + 4.032 + 47.997 = 80.043. Girman harafi ma yana da ma'ana. Co kobal ne, sinadari guda. CO kuwa kabon da oksijin ne, iskar nan mai kisa da ke fita daga janareta. Sannan in an ce iskar oksijin, O₂ ake nufi, 31.998, haka iskar naitirojin N₂ ce, 28.014. Babbar lambar da ake sa wa gaban fomula wajen daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, kamar biyun da ke 2H₂O, ba ta shiga nauyin mol. Tana faɗin mol nawa ne kawai. Nauyin mol na ruwa yana nan a 18.015, ko mol ɗari aka tara.

Da nauyin mol a hannu, komawa tsakanin giram da mol rabawa ɗaya ce. Buhun yuriya mai kilo 50 giram 50,000 ne. Raba da 60.056, ka sami mol 832.6. A mai da kilo zuwa giram kafin a raba, in ba haka ba amsar za ta ragu sau dubu.

Kason kowane sinadari

Layin jimilla da ka riga ka cika shi ne rabin aikin. Ɗauki jimillar sinadarin, raba da nauyin mol na haɗin gaba ɗaya, ninka da 100.

N: 28.014 ÷ 60.056 × 100 = 46.65
O: 15.999 ÷ 60.056 × 100 = 26.64
C: 12.011 ÷ 60.056 × 100 = 20.00
H: 4.032 ÷ 60.056 × 100 = 6.71

Tara su: 100.00. Kada ka miƙa takarda ba ka yi wannan tarawar ba. In ka sami 99.99 ko 100.01, datse lambobi ne ya jawo, babu komai. In ka sami 97 ko 104, akwai ɓaraka. Sai dai wannan gwaji yana da iyaka, kuma ya kamata a san ta: in tun farko ka ƙirga atam ba daidai ba, kason zai taru ya ba da ɗari cif, alhali duka ƙarya ne. Wanda ya sami 58.093 a Ca(OH)₂ zai raba, ya tara, ya ga 100, ya yi murna. Gwajin yana kama kuskuren rabawa ne, ba ya kama kuskuren karatu.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne wannan kaso na nauyi ne. A ƙwayar yuriya atam takwas ne, huɗu daga ciki haidirojin, wato rabi ta fuskar ƙirga. Ta fuskar nauyi kuwa ko kashi 7 bai kai ba. Ruwa ma haka: biyu cikin uku na atam ɗinsa haidirojin ne, amma kashi 11.19 kawai yake da shi, oksijin ya kwashe 88.81. Kamar ka ɗora kaji huɗu da raƙumi ɗaya a mota ne. Kaji sun fi yawa, amma kowa ya san wanda ya danne taya.

To me ya sa buhu ke cewa 46, lissafi kuma 46.65? Lissafin na tsantsar yuriya ne. Wadda ke buhu tana da ɗan danshi, da ɗan wani haɗi da ake kira bayuret wanda ke samuwa wajen sarrafawa, da abin da ake sa mata don kada ƙwayoyin su dunƙule. Kamfani yana buga abin da zai iya lamunta ne. Buhu mai kilo 50 yana ba da naitirojin kilo 50 × 0.46 = 23. Haka kuma lissafin ya nuna rufin da ba a wucewa: duk wanda ya tallata maka yuriya mai kashi 50 ko 60, ka san ba ta yiwuwa.

Yi wa amoniyam salfet irin wannan: 28.014 ÷ 132.134 × 100 = 21.20. Buhu ɗaya naitirojin kilo 10.5 ne in aka bi kashi 21 da ake bugawa, saboda haka sai buhu biyu da ɗan ɗori, 2.2, kafin ya kamo buhun yuriya guda. Mai saye da ke kwatanta farashin buhu da buhu yana auna abin da bai dace ba. Farashin kilon naitirojin ya kamata ya fitar, ta hanyar raba kuɗin buhu da 23 ko da 10.5. Amma a yi wa amoniyam salfet adalci: yana ɗauke da farar wuta kashi 24.26, abin da yuriya ba ta da shi sam, kuma akwai gonakin da ke buƙatarta.

A kicin ma lissafin yana aiki. Sodiyam a gishiri 22.990 ÷ 58.44 × 100 = 39.34. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya tsaya ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, ko ƙasa da giram 2 na sodiyam. Magana ɗaya ce aka faɗa sau biyu: 5 × 0.3934 = 1.97. In ka ga sodiyam a jikin kwalin abinci, ninka shi da 2.5 ka sami kimanin gishirin da ke ciki.

Tarkon da ke jikin buhun kamfa

Takin NPK 15-15-15, wanda manoma ke kira kamfa, yana da wata al'ada da ke ruɗar har da waɗanda suka iya lissafi. Sha biyar ta farko naitirojin ce kai tsaye. Ta biyu da ta uku kuwa ba fosforas da fotasiyam ba ne tsantsa. Tsohuwar al'adar masana'antar taki ce a bayyana su a matsayin P₂O₅ da K₂O, ko da yake ba a wannan siffa suke cikin buhun ba. Don sanin ainihin abin da ke ciki sai an koma ga kaso.

P₂O₅: 61.948 + 79.995 = 141.943. Kason fosforas 61.948 ÷ 141.943 × 100 = 43.64.
K₂O: 78.196 + 15.999 = 94.195. Kason fotasiyam 78.196 ÷ 94.195 × 100 = 83.01.

Buhu mai kilo 50 yana da kilo 7.5 na kowanne daga cikin ukun yadda aka buga. Ainihin fosforas 7.5 × 0.4364 = kilo 3.27, fotasiyam kuma 7.5 × 0.8301 = kilo 6.23. Wannan ba ha'inci ba ne, haka tsarin yake, amma dole ka duba takardar shawarar da ke hannunka: P ta rubuta ko P₂O₅? In sakamakon gwajin ƙasa ya yi magana da P, kai kuma ka ɗauka lambar buhu ce, abin da za ka zuba bai kai rabin bukata ba.

A ce malamin gona ya rubuta maka cewa hekta ɗaya ta masara tana son N kilo 120, P₂O₅ kilo 60, K₂O kilo 60. Fara da kamfa: 60 ÷ 0.15 = kilo 400, buhu takwas. Waɗannan sun biya P₂O₅ da K₂O, sun kuma kawo N kilo 60. Saura N kilo 60, wanda yuriya za ta cike: 60 ÷ 0.46 = kilo 130.4, buhu biyu da rabi da ɗan ƙari. Lura da bambancin: in kana neman abin da ke cikin taki, ninkawa kake yi da kaso; in kana neman yawan takin da zai ba ka abin da kake so, rabawa kake yi. Wanda ya juya su zai sami kilo 27.6 na yuriya a maimakon 130.4. Hankali kaɗai ya isa ya kama wannan, domin ba yadda za a yi kilo 27 na taki ya haifar da kilo 60 na naitirojin.

Ɗigon da ke tsakiyar fomula

Wasu gishirai suna riƙe ruwa a cikin ƙwayoyinsu ko da sun bushe ƙayau a hannu. Ana nuna shi da ɗigo, kamar CuSO₄·5H₂O, shuɗin gishirin jan ƙarfe da kusan kowane ɗakin gwaji na sakandare ke da shi. A darasin lissafi ɗigo irin wannan na nufin ninkawa, a nan kuwa tarawa yake nufi. Biyar ɗin tana ninka ruwan gaba ɗaya, H da O duka.

CuSO₄: 63.546 + 32.06 + 63.996 = 159.602
5H₂O: 5 × 18.015 = 90.075
Jimilla: 249.677 g/mol

Kason ruwa 90.075 ÷ 249.677 × 100 = 36.08. Kason jan ƙarfe 25.45, alhali a busasshen CuSO₄ marar ruwa 39.81 ne. In aka tambaye ka kason oksijin, tuna tara ne: huɗu daga salfet, biyar daga ruwa. Wanda zai haɗa ruwan gwaji kuma ya karanta jikin kwalba ya ga wanne ke ciki, domin in ya auna giram 159.6 na shuɗin yana zaton mol ɗaya ne, abin da ya samu bai wuce mol 0.64 ba.

Ana iya tabbatar da kashi 36 ɗin da ido. Auna ƙaramin kaskon gwaji busasshe, zuba shuɗin gishirin da aka niƙa giram 5.00, ɗora a wuta mai sauƙi. Za ka ga shuɗin yana kodewa daga gefe zuwa tsakiya har ya koma fari-fari kamar toka. Sauke, bari ya huce a rufe, auna. Sake gasawa na minti biyu ko uku, sake aunawa, har sai awo biyu a jere sun zo ɗaya. Ya kamata a rasa kusan giram 1.80, a bar 3.20. Mai da su mol: 3.20 ÷ 159.6 = 0.0201, sannan 1.80 ÷ 18.015 = 0.0999. Raba na biyu da na farko, ka sami kusan 5, biyar ɗin da ke fomula ke nan.

Abubuwa uku ke ɓata wannan gwaji, kuma kowanne yana da alamarsa. In an sauke da wuri, ruwa bai gama fita ba, kason zai fito ƙasa da 36. In an bar shi ya huce a buɗe, musamman da damina, farin garin zai sake zuƙar danshi daga iska, ka ga shuɗi-shuɗi na dawowa, nan ma kason ya ragu. In kuma wuta ta yi yawa, ko dai ƙwayoyi su yi ta tsalle suna fita daga kasko, ko gishirin kansa ya fara rushewa ya yi baƙi, sai nauyin da aka rasa ya zarce na ruwa, kason ya haura 36. Kada a ɗora kasko mai zafi a sikeli, iskar zafin da ke tashi daga jikinsa tana rage awon.

Kanwa ta cancanci a tsaya a kanta. Babban abin da ke cikin kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga shi ne wani haɗi da ake kira tirona, Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O, mai ɗigo biyu. Kashi uku za a lissafa a tara: 105.988 + 84.006 + 36.030 = 226.024 g/mol. Sodiyam uku ne, biyu a farko ɗaya a tsakiya, 68.970, wato kashi 30.51. Fomular ba ta da fotasiyam ko ɗaya, duk da sunan da ake kiran kanwa da shi a Turancin kasuwa, wato potash, yana sa mutane su zaci gishirin fotasiyam ce. Wanda likita ya hana gishiri saboda hawan jini ya kamata ya san cewa kanwar da ke cikin miyar kuka ko ɗanwake ita ma sodiyam take ƙara masa. Sai dai a kula, kanwar kasuwa gauraye ce, da yashi, da gishiri, da wasu abubuwa, kuma ta wannan wuri ta bambanta da ta wancan. Kashi 30.51 na tsantsar tirona ne. Gauraye ba shi da fomula, don haka ba shi da nauyin mol. Sai dai a kai shi ɗakin gwaji a auna.

Wannan bambanci tsakanin tsantsa da gauraye shi ake amfani da shi wajen gane ingancin dutse. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Ashaka da Sakkwato, CaCO₃, nauyinsa 100.086, kuma 44.009 daga ciki iskar CO₂ ce da ke tashi in an ƙona. Tan ɗaya na tsantsarsa yana sakin kusan kilo 440. In ka ƙona busasshen samfuri mai giram 10.00 ya rasa 3.96 a maimakon 4.40, to kusan kashi 90 cikin ɗari ne CaCO₃, muddin babu wani abu a ciki da shi ma ke tashi da zafi.

Daga kaso zuwa fomula

Ana bin hanyar a juye in ɗakin gwaji ya ba da kaso ana neman fomula. Dabarar ita ce ka ɗauka kana da giram 100, sai kowane kaso ya zama giram. A ce tama ta ba da ƙarfe kashi 69.94, oksijin 30.06. Raba kowanne da nauyin atam ɗinsa: 69.94 ÷ 55.845 = 1.2524, sannan 30.06 ÷ 15.999 = 1.8789. Raba duka da ƙaramin cikinsu, ka sami 1 da 1.50.

A nan ne hannu ke ƙaiƙayin datsewa. Wanda ya mai da 1.5 zuwa 2 zai rubuta FeO₂, wanda ya mai da ita 1 zai rubuta FeO, duk biyun sun kauce. Ninka duka da biyu: 2 da 3, Fe₂O₃. In ka ga ɗigo 5, ninka da 2. In 33 ko 67 ne bayan ɗigo, ninka da 3. In 25 ko 75, da 4. Abin da ake datsewa shi ne irin 1.98 ko 3.02. Saboda haka ma ake riƙe lambobi huɗu a tsakiyar aiki. Wanda ya datse 1.2524 zuwa 1.3 da 1.8789 zuwa 1.9 zai sami 1.46, ya rasa inda zai sa ta.

Abin da wannan hanya ke bayarwa fomula ce mafi sauƙi, kuma ba lallai ta zama ta gaskiyar ƙwayar ba. Kabon 40.00, haidirojin 6.71, oksijin 53.29 suna ba da CH₂O, mai nauyin 30.026. In an gaya maka nauyin mol na abin 180.16 ne, raba: 180.16 ÷ 30.026 = 6, sai ka ninka komai da shida, C₆H₁₂O₆, gulukos. In 60.05 ne, sau biyu ke nan, C₂H₄O₂, asid ɗin da ke sa binega tsami. In 30.03 ne, CH₂O ɗin ne kansa, wanda ake narkawa a ruwa a yi fomalin na adana gawa. Abu uku, kaso ɗaya.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan ƙa'idar da Joseph Proust na Faransa ya kafa a ƙarshen ƙarni na 18, cewa tsantsar haɗi kasonsa ba ya canzawa ko daga ina ya fito. Gishirin Bilma da na teku, in an tace su, sodiyam ɗinsu 39.34 ne. Amma ƙa'idar ba ta aiki a juye: kaso ɗaya ba ya tabbatar da cewa abu ɗaya ne. A 1828 Friedrich Wöhler na Jamus yana ƙoƙarin haɗa amoniyam sayanet sai ya sami yuriya, abu biyu masu atam iri ɗaya da adadi ɗaya, tsarin ɗaurinsu ne kawai ya bambanta.

Wannan gibi ya taɓa cin rayuka. Hanyar da aka saba auna furotin a abinci ita ce a auna naitirojin a ninka da 6.25, domin furotin kusan kashi 16 cikin ɗari naitirojin ne. Melamin, C₃H₆N₆, wanda ake yin kwanukan roba da shi, nauyinsa 36.033 + 6.048 + 84.042 = 126.123, naitirojin ɗinsa kuwa 84.042 ÷ 126.123 × 100 = 66.6. Giram ɗaya nasa yana bayyana a gwajin kamar furotin giram 4.2. A 2008 aka gano ana zuba shi cikin madarar da aka sirka da ruwa a ƙasar Sin don ta tsallake gwaji. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da rashin lafiya, galibi ciwon ƙoda, shida suka rasu.